Tambayoyin Da Na Haddace Ba Da Sanin Ma'anarsu Ba

Shekarar da jiragen ƙasa suka fara komawa shan man dizal, kasuwar kwal ta faɗi a Inugu, aka shiga sallamar ma'aikata. Mijina akawu ne a mahaƙa, shi ke rubuta sunayen masu shiga rami da masu fitowa. Mun baro kudancin Zariya tun muna sabon aure, muna zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Obiagu da 'ya'ya huɗu. Ran nan ya dawo da hantsi, ya ajiye wata takarda a kan gado, ya ce, "Maman yara, an gama da mu."

Ya rubuta wasiƙun neman aiki har yatsarsa ta yi kanta. Guda ɗaya tak aka amsa, daga wani kamfanin sayen manja a Fatakwal. Suna neman akawu, ya zo su gan shi nan da mako biyu.

Sai ya ce mu riƙa gwaji a gida, ni zan zama Baturen da zai yi masa tambayoyi a can. Ban taɓa shiga aji ba, amma ya zaunar da ni ya koya mini tambayoyi shida da Turanci, ina maimaitawa kamar waƙar coci. Kullum da la'asar, idan na sauke tuwo, sai in hau kujera ɗaya da muke da ita. Shi kuma ya fita ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo ya tsaya, hannuwa a baya. Da farko nakan yi dariya. Daga baya na daina, don na lura shi ba wasa yake yi ba.

Akwai tambaya ta huɗu da kullum yake sarƙewa a kanta. Na ce, "Baban yara, wai me nake tambayarka a nan?"

Ya ce, "Shekaruna."

"To ba ka san su ba ne?"

"Na sani. Su ne ba sa son ji."

Maƙwabcinmu, wani Alhaji Bakano mai fataucin goro, ya ara masa takalmi sau-ciki, ya kuma haɗa shi da ɗan'uwansa a unguwar Diobu ta Fatakwal inda zai sauka. Na goge kwat ɗinsa sau uku da dutsen guga. Ranar tafiya ya miƙo mini gwangwanin baƙin man takalmi, ya sunkuyar da kai. Na bi furfurar gefen kunnensa ina shafawa da ɗan yatsa, ya sa gwangwanin a aljihu don ya ƙara a can.

Bayan kwana uku ya dawo. Tun daga bakin zaure na ga wuyan farar rigarsa ya yi baƙi ƙirin. Sai da ya sha ruwa ya huta sannan ya ba ni labari. Ya ce tun da sassafe ya tarar da layi ya zagaye ginin, yawancinsu samari masu sabuwar takardar makaranta, wasu kuma tsoffin abokan aikinsa na mahaƙa, kowa yana kau da ido daga kowa. Ruwan Fatakwal ya sauko, ba wanda ya yarda ya bar gurbinsa. Man ya narke ya gangaro masa har wuya. Wajen azahar masinja ya fito yana duba fuskoki, yana nuna mutane da baki yana cewa su tafi. Da ya iso kansa sai ya ce da Hausa, don shi ma mutumin Arewa ne, "Baba, yi haƙuri, je ka wanke fuskarka."

Ko ƙofar ofishin bai taka ba.

Ya ƙara rubuta wasiƙu biyu ko uku, sannan ya bari. Da damina ta ja, muka sa manyan yaran biyu a jirgi zuwa wurin mahaifiyata a ƙauye, aka cire su daga makaranta. Alhaji ya samo masa aikin ɗaurin huhun goro a Anacha, yana zuwa gida sau ɗaya a wata. Ni kuma na fara suyar ƙosai a bakin titi. Idan ya zo, yakan zauna kusa da murhuna yana kallon masu wucewa, wani lokaci har in tashi.