Filin da Aka Bar wa Kogi

In wani ya tambaye ni garinmu a nan Alƙahira, sunan babban birnin jiharmu nake faɗa masa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Ƙaramar hukumarmu ɗaya da birnin. Sai dai shi yana kan tudu, da gidan gwamna da sakatariya da fitilun titi, mu kuma muna can ƙasa inda ƙafa ke nutsewa. Daga gangaren birnin har bakin kogi fadama ce shimfiɗe, shinkafa da damina, albasa da rani. Ƙauyuka suna jere a gaɓa, wannan yana hango hayaƙin wancan. Masunta a bakin ruwa, manoma a bayansu, Fulani can sama da shanunsu. Mu muka fi mutanen birnin yawa, nesa ba kusa ba. Amma ka buɗe taswira, ɗigo ɗaya za ka gani, na birnin. Sauran duk kore ne da wani shuɗin layi a karkace. Mu ne koren.

A ƙauyenmu kowane namiji yana da filafilinsa, itacen da ake tuƙa kwalekwale da shi. Ubanka ke sassaƙa maka in ka isa. In za ka yi tafiya mai nisa ba ka tafiya da shi, jingine shi ake yi a bakin zaure, a tsaye. Muddin yana tsaye, kana cikin gida. In an tambayi mutanen gida, da kai ake faɗa. In an yi su, wato kamun kifi, a ware maka kifinka, a ba wani ya ci a madadinka. Ba a kwantar da filafili sai an ga gawa, ko wanda ya ga gawar ya zo ya faɗa da bakinsa. Ina yaro masu ƙidaya suka zo, innarmu ta sa su rubuta ƙanen babanmu da ya tafi kurmi tun kafin a haife ni. Ma'aikacin ya ce ina mutumin yake. Ta nuna masa itace.

Ranar da na taho karatu, yayata ce ta jingine nawa. Karatun bai yiwu ba, kada ma a tambaye ni. Larabcin titi ya shige ni, na littafi ya ƙi. Waɗanda muka kwana ɗaki ɗaya da su a unguwar Abbasiya yanzu suna gida da masallatansu da motocinsu, ana durƙusa musu. Ni ina unguwar Faisal, hawan ƙarshe a gidan da babu lifta, ina yi wa marasa lafiya da ke zuwa daga gida tafinta. In ɗauko su a filin jirgi, in kai su wurin likita, in faɗa musu da Hausa abin da ba su so ji ba ko da Larabci. A nan furfura ta same ni. Fasfona ya mutu a ƙasan akwati tuntuni, ban kula shi ba.

Inna ta rasu ina nan. Yayata ce ta rage mini. Tun da waya ta shigo gidansu take turo mini saƙon murya, kusan duk Juma'a, kuma farkonsa ɗaya ne kullum: "Kana lafiya inda kake?" Daga nan sai labarin gari. Ruwa ya hau. An hana yara mashigi, wato wurin da ake ƙetarewa da ƙafa. Wance ta haihu a tsallake, ba a samu zuwa barka ba. Da can takan ce mijinta yana gaishe ni. Wata shekara ta ce ya yi tafiya, daga nan gaisuwar ta tsaya, ni kuma ban bi sawu ba. A cikin maikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, nake sauraronta, kunne ɗaya ga muryarta, ɗaya ga direba yana zagin na gabansa. Wani lokaci in amsa, wani lokaci in bari. Abu guda dai na riƙe da ƙarfi duk shekarun nan: ina da wurin komawa. In Masar ta gama tauna ni ta tofar, akwai ɗaki kusa da tsamiyar bakin ruwa, akwai itacena a tsaye.

Sai aka haɗa ni da wani Alhaji mai ciwon ƙoda, tsohon ma'aikacin safiyo, wato masu auna filaye na gwamnati. Muna zaune a wani asibiti a unguwar Dokki da tsakar rana muna jiran a kira shi. Sanyin na'ura ya sa ya lulluɓe da babbar rigarsa.

"Malam, kai ɗan ina ne? Hausarka ta wajenmu ce."

Na faɗi sunan birni.

"Wace unguwa?"

Nan ya kama ni. Na faɗi sunan ƙauyenmu. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, irin duban da likitoci ke yi wa hoton ƙirji.

"Yaushe rabonka da gida?"

"An jima, Alhaji."

"An jima kam. Malam, ai garin nan babu shi. Kogi ya cinye shi a ambaliya, shekaru ke nan."

Na yi dariya, don na saba da marasa lafiya, magani yana juya musu kai. "Yi haƙuri, Alhaji, wani garin kake nufi. Juma'ar nan yayata ta ce mini ruwa ya taɓa gindin tsamiya."

"Tsohuwar tsamiyar ko kanta ba a gani. Kwalekwale ta samanta yake wucewa. Ni da hannuna na auna wa mutanenku sabon fili, a kan jan marmara, bayan sakatariya. Daga can ko ƙyallin ruwa ba ka hangowa."

Daga nan bakin Alhaji ya buɗe, kamar wanda ya daɗe yana neman wanda zai faɗa wa.

Ya ce sun kafa musu turaku layi-layi, kowane gida da lambarsa, kamar yadda ake yi. Da ya koma dubawa, an tuge turakun duka. Kowa ya gina gidansa kusa da wanda yake maƙwabtaka da shi a tsohon gari, lungu ya koma inda lungu yake, masallaci ya koma inda yake. A tsakiya kuma suka bar wani dogon fili mai faɗi, a karkace, ba bukka ba rumbu.

"Na ce wa mai garinku, wannan fa? Ya ce nan kogi ne. Na ce to ku bari a gina wa yara makaranta a wurin. Ya dube ni kamar mahaukaci, ya ce, a cikin ruwa?"

"Wasa yake maka, Alhaji."

"Haka ni ma na ɗauka. Ni ɗan boko ne, Malam, ban da lokacin shirme. Na bi ta tsakiyar filin da takalmina, rana tsaka, na ƙetare. Ba wanda ya hana ni. Mata dai suka ajiye abin da suke yi suka tsaya. Suna kallona har na kai wancan gefe. Sai wata tsohuwa ta zo ta miƙo mini zane, wai in goge jikina." Ya ja rigarsa ya ƙara rufe ƙafafunsa. "Ka san abin haushin? Na karɓa."

Daidai nan aka kira sunansa. Na shiga na yi aikina, likita ya faɗa na juya, Alhaji ya faɗa na juya. Ban san me na faɗa wa kowannensu ba.

Da na mayar da shi masauki, na taka zuwa bakin Nilu na sami benci. La'asar ba ta yi ba, rana tana dukan ruwan har ido ba ya iya kallo. Na tuna wani abu da ya kamata in lura da shi tun tuni. A duk saƙonnin yayata ban taɓa jin kukan kwaɗi ba. Garinmu kuwa da damina sai ka ɗaga murya saboda su. Abin da nake ji a bayan muryarta janareta ne, wani lokaci jiniyar motocin manya.

Yayata ba ta iya kiran bidiyo ba, don haka na kira babbar 'yarta, wadda ke aure a can cikin garin.

"Kawu! Yau kai ne da kanka? Lafiya dai?"

"Juya wayar nan in ga gari."

"Mama ta ce kada a faɗa maka."

"Ban ce ki faɗa ba. Juya."

Ta juya. Na san wurin nan take, kuma ban taɓa ganinsa ba. Ga masallaci a hagu, ga gidan mai gari, ga lungun da nake bi in je wurin maƙeri. Amma ƙasar ja ce, busasshiya, tana tashi da ƙura, tamu kuwa baƙa ce mai danƙo. Inda tsamiya take, an dasa wata 'yar ƙarama an kewaye ta da ƙaya. A bayan rufin gidaje, inda ya kamata in ga shinkafa har ƙarshen ido, tankin ruwan sakatariya ne a tsaye.

Sai ga filin. An share shi tas. An jera duwatsu a gefensa biyu, kwalekwale a kife a bakin duwatsun, katakonsu ya tsage don rana. Akuya ce kawai a tsakiya. Wata mata da tire a ka ta fito daga wani gida, gidan da za ta shiga yana kallonta a tsallake, amma ta bi gefen duwatsu ta yi tafiya mai nisa har inda mashigi yake. Da ta iso, ta tattare zanenta zuwa gwiwa, ta shiga a hankali, tana lalube da ƙafa.

Na ce, "To yaya aka yi ruwa ya taɓa tsamiya?"

"Ana hawa babur a je a dubo kogin gaske, Kawu. In ya hau, sai a matso da duwatsun. In ya sauka a janye su."

"Ke ma haka kike tattare zane?"

"To in yi yaya? Da mutane nake zaune." Ta ɗan yi dariya, ba ta kai ciki ba. "Rannan na yanke ta tsakiya ina sauri, wallahi kwana na yi da zazzaɓi."

Na ce ta kai ni zaurenmu. Tana tafiya hoton yana rawa, ni kuma abu ɗaya nake tsoro, in tarar an kwantar da nawa.

Yana tsaye. Na gane shi da ƙunar da ke kusa da mariƙinsa, inda na taɓa tona wuta da shi babanmu ya zane ni. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Da na bar gida biyu ne a wurin, nawa da na ƙanen babanmu. Yanzu bango ya cika. Filafilai a jere, kafaɗa da kafaɗa, an goge su da mai suna sheƙi, nawa a tsakiyarsu.

"Na su wa ne waɗannan?"

"Wanda ke jikin naka na babana ne. Sauran na 'yan uwa ne da suka koma ɗauko mutane ranar ambaliyar. Ba a ga ko ɗaya ba, Kawu. Shi ya sa ba a kwantar ba." Ta rage murya. "Saƙon nan da Mama take turo maka, ba kai kaɗai ba ne. Ni nake danna mata. Shi ɗin dai take tura wa lambar Baba, da duk mai itace a nan da ya taɓa riƙe waya. Kai kaɗai kake amsawa. Kai ma ba kullum ba."

Kana lafiya inda kake. Shekara da shekaru ina jin wannan tambaya a cikin maikrobas, ina ɗauka tawa ce.

Sai ga yayata ta fito daga cikin gida. Ta rame, amma idonta ras. Ta matso da fuskarta jikin wayar har goshinta kawai nake gani.

"Auta, kai ne? Ka tsufa."

"Yaya, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka me? Gari yana nan. Ga shi ka gani."

"Kabarin Inna fa?"

"Yana inda yake. Wa zai taɓa shi?"

"To ki cire nawa daga cikin nan. Ki kai shi ɗaya gefen ƙofa, ko ina ma. Ni ban nutse ba, Yaya. Ga ni a zaune, ina magana da ke."

"Ni na ce ka nutse? Su ma ban ce sun nutse ba. Ba ku dawo ba ne dai, dukanku."

Na ɗaga murya har wani Bamisire mai sayar da shayi ya waiwayo. Na ce mata ni da su ba ɗaya ba ne. Ta bari na gama.

"Ba a cire wa mutum nasa, ka sani. Wanda ya dawo, shi ke ɗauka da hannunsa."

Ta miƙa wa 'yarta wayar ta koma ciki.

A makon na tono fasfon daga akwati na kai ofishin jakadanci. Na san abin da zan tarar: jan ƙasa, tankin gwamnati, da mutanen da suka share fili suna kiransa kogi. Babu ɗakina na kusa da tsamiya, yanzu kifi ke kwana a cikinsa. Ban ce zan zauna ba. Itacen dai zan je in ɗauke daga wannan layi.

Da takardu suka fito, na je wurin mai sayar da tikiti a Abbasiya. Ya ce akwai kujera a mako mai zuwa, ya yanka mini tikitin? Na ce a'a, ya duba mini can gaba, bayan kaka. Ya ce don me, ba ka ce kana sauri ba?

Saƙon yayata na Juma'ar ne a kaina. Ta ce ruwa ya wuce tsamiya, mashigi ya rufe, babu mai ƙetarewa sai ya janye. Gidanmu kuwa a tsallake yake in ka fito daga birni. Har na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai na ji abin da zan faɗa.

Na ce masa dai ya sa bayan kaka.