Kofin Garba Bai Kife Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar aminina Garba Mai Fenti, kuma har gobe ina cewa Yauri ba ta yi wanda ya kai shi iya zana butar shayi ba. Mai musu ya je bakin ruwa, shagon Shehu mai shayi, ya dubi bango.

Garba ba ya zana fuskar mutum. Da Shehu ya roƙe shi ya zana majalisarmu, mu bakwai masu shan shayin bayan la'asar, sai ya zana buta bisa garwashi da kofuna bakwai. Kowa ya gane nasa. Na Sarkin Jirgi ƙaton kofin silba ne da ya lotsa, na Garba ɗan gilashi, nawa kuwa mai ɓallallen baki ne, wai don surutu ya cinye gefensa. Na yi fushin kwana biyu, na dawo.

Ranar da aka yi sadakar ukun Sarkin Jirgi, Garba ya zo da burushinsa, ya sake zana kofin marigayin a kife. Haka ya riƙa yi duk wanda ya tafi, har biyar, ciki har da na Shehun, wanda Garba ya kife da hannunsa. Da nasa lokacin ya zo, babu mai kifewa.

Kwanan baya jikata ta nuna mini a waya tsofaffin zanen Sinawa da Turawa suna shan shayi a tangaran. Sun yi kyau, ban ƙi ba. Amma na san Garba: bakin butar zai fara dubawa, ya ce wannan ai tsiyaya za ta yi a jikin baƙo. Kuma zai tambaya kofin wane ne wannan, tunda duk iri ɗaya ne.

Yanzu Nasiru ɗan Shehu ke riƙe da shagon. Ya so ya rufe bangon da fastar da ake bugawa a inji, na hana, kuma ya ji. Sai ya ce to bari a kira mai fenti ya kife na Garba, don a cika al'ada.

Na ce, "Ɗana, bar shi tsaye. Ran da anka zo kihe nawa, a haɗa da nashi."

Ina kewarsa, ba na ɓoyewa. Amma duk la'asar in na zauna na ɗaga kai, mu biyu nake gani a majalisa. Allah Ya jiƙan Garba.