Tifar da Suruki Ya Kawo

Bana Chisenga, wato uwar Chisenga, tana sayar da tumatir da busasshen kifi a kasuwar unguwarsu a Kabwe tun kafin a rufe ramin haƙar dalma. Marigayi mijinta a ramin ya yi aiki, ita ke wanke masa kayan aiki a tsakar gida, ruwan ya bi inda yara ke rarrafe. Chisenga ya tashi ba ya riƙe karatu, ya sha bulala a makaranta. Sai da ya yi gemu wata nas ta gaya wa uwar dalma ce ta shiga jininsa tun yana goye. Ta ce to. Daga ranar ba ta ƙara yin shara ba sai ta yayyafa ruwa.

'Yarta Mwaba ta auri Kasonde, ɗan kwangilar gini mai kunyar surukai. In ya hango Bana Chisenga a hanya sai ya ratse gefe ya durƙusa, ita kuma ta kawar da kai, yadda al'ada ta ce. Bayan gaisuwa, wata magana ba ta taɓa haɗa su ba.

Da damina ta yi ƙarfi, ya ji labarin ta zame a taɓon ƙofar gida. Washegari sai ga tifa ta juye mata baƙin yashi, irin wanda ake ɗebowa daga tulin tsohon ramin dalmar. Masu gini da yawa na son shi, ga araha, ga shi ba ya riƙe ruwa. Kafin ta dawo daga kasuwa, jikarta Kunda mai shekara uku, wadda ke yini a gidan, har ta tuƙa tuwon wasa da shi ta ɗanɗana.

Ta wanke wa yarinyar baki, ta kulle ta a ɗaki, ta aika a kira Mwaba.

"Ki ce wa mijinki an gode. Ki ce ya zo ya kwashe."

"Haba Mama! Kyauta ce fa. Kuma ya ce ko gidan babansa da shi aka cike."

"Baban nasa da ke neman hularsa tana kansa?"

"Mama! Ni dai ba zan iya ba. Sai ya ce kin raina shi."

Yarinya ba ta kulluwa a ɗaki har abada, suruki kuma ba a yi masa faɗa. Bana Chisenga ta juya abin a ranta, ta ga al'ada ta hana ta magana da mutum ɗaya ne, ba ta hana ta magana da gari ba.

Ranar Asabar kansila ya kira taro a makarantar firamare a kan magudanun ruwa, kuma duk mai neman kwangilar ya zo. Ta ɗaura zanen zuwa coci, ta zauna a gaba. Da aka ce ko akwai mai tambaya, ta miƙe tana kallon allo.

"Direba ba ya hawa titi sai da lasisi. Ni mai kifi ma sai da aka duba teburina. Amma mai gini ya juye wa yara guba a ƙofa, ba wanda ya taɓa koya masa komai. A zaunar da su a koya musu sha'anin dalma, a ba su takardar shaida. Marar takarda kada a ba shi ko ginin akurki."

Wani ɗan kwangila mai ƙiba ya ce, "Mama, da wannan tumbin zan koma aji?"

"Akwai benci mai faɗi, ɗana. Ga shi kana kai."

Aka kwashe da dariya. Kansila ya ce maganar magudana ake yi, amma zai kai ta gaba. Can baya, Kasonde ya zura wa takalminsa ido har aka tashi.

Da safe tifa ta dawo babu komai a cikinta. Kasonde da kansa ya riƙe shebur, ƙyalle a hanci, yana jiƙa yashin kafin ya ɗiba. Bana Chisenga ta shige ɗaki ta juya wa taga baya. Da rana ta tuƙa nshima, tuwon masararsu, ta soya kifi mafi kyau a teburinta, ta ba Mwaba ta kai masa. Kwanon ya dawo fes. Kafin yamma Kasonde ya shimfiɗa jar ƙasa ya daɓe.

Har yau dokar da ta nema ba ta fito ba. Kowane taro aka kira, na karnuka ne ko na famfo, sai ta miƙe ta kalli allo ta maimaita. In aka ce wa ya goyi baya, hannu ɗaya ke fara tashi daga can baya, ba ta kuma taɓa waiwayawa ba.

Kunda ce kaɗai ke ƙorafi.

"Kaka, wannan ƙasar ba ta yin tuwo."

"Haka ake so. Je ki wanke hannu."