Ganyen Kawo da Mushen Gwanki

Har gobe in na ji kukan ƙudan nan kore mai ƙyalli, raina ɓaci yake yi, kuma ba ƙudan nake jin haushi ba. Ƙuda me ya sani? Yayan mijina nake tunawa.

Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore, ta ɓangaren Doguwa. Da damina ɗaure awaki muke yi a gida don kada su shiga gonakin mutane, sai a riƙa yanko musu ganye. Uwar awakina wata ja ce mai farin goshi, tsatson akuyar da mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan miji. Mahaifiyata ta rasu, kwanukan jere sun huje, gadon ya karye, wannan akuya kaɗai ta rage mini daga gidanmu. Ga ta da tsohon ciki.

Yayan mijina maharbi ne, ko in ce haka yake kiran kansa. A shekarar nan namun daji suka fara faɗuwa haka kawai, ba harbi ba tarko. Shi kuwa ya tarar da gwanki a mace a gindin wani itacen kawo, ya kumbura, baƙin jini yana tsiyaya ta hanci bai daskare ba. Da bakinsa ya ba da labarin a ƙofar gida, yana dariya. Mai hankali zai yi a'uziyya ya wuce. Gogan naka sai ya zaro wuƙa ya feɗe shi, ya kwashe fata da ƙaho zai kai wa masu magani a kasuwar Tudun Wada, ya bar mushen a buɗe. Da a da ne, ungulaye za su share wurin kafin la'asar. To ina ungulun? Ire-irensa sun kame su sun sayar da kawunansu. Sai ƙuda ya samu biki.

Bayan 'yan kwanaki ya koma duba tarkonsa a wajen, ya sassaro rassan wannan kawon, ya ɗauko a ka, wai zai yi mini abin arziki. Mutumin da ko tsinke bai taɓa ba ni ba! Ya jibge ganyen a gaban turke. Ina dubawa na ga duk ganyen ya yi ɗigo-ɗigo, ja da baƙi, ga wani ɗoyi-ɗoyi yana tashi. Amma yayan miji ne, ba a haɗa ido da shi, balle a yi masa musu. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Na ja mijina ɗaki na ce, "Malam, ganyen nan ban yarda da shi ba. Bari in janye."

Ya zaro ido. "Yaya ya ɗauko a kansa tun daga daji, ki janye yana zaune? So kike ki raba ni da ɗan'uwana?"

Yana zaune kuwa. Ya baje a tabarma a tsakar gida, ya sha fura, yana ta zuba labarin farauta, awakina suna ci ina kallo ta labule, har suka bar itace zalla.

Ba a jima ba ƙananan awakin suka fara mutuwa. Da safe ka ga akuya tana tuƙa lafiya lau, kafin azahar ta miƙe ƙafafu, jini a hanci. Malamin dabbobi ya zo daga Tudun Wada, da ma masu gadin daji sun kai masa labarin namun da ke mutuwa. Ya ce ciwon saifa ne. Ya tambayi abin da suka ci, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya ce haka abin yake tafiya a daji: ƙuda ya sha jinin mushe ya ƙoshi, ya tashi ya sauka a ganyen da ke kusa, ya yi amai ya yi kashi a kai, dabbar da ta zo cin ganyen ta haɗiye cutar. Ya ce da ba a farke mushen ba, da abin bai kai haka ba. Ya gargaɗe mu kada a feɗe ko ɗaya, a haƙa rami mai zurfi a binne. Ya yi wa jar akuyar allura, amma yadda ya girgiza kai na gane.

Na zauna da ita a turke, ina shafa mata ciki ina jin 'ya'yan suna motsi. Na yi addu'a har bakina ya bushe. Ta daina ci, jikinta ya ɗauki zafi, tana karkarwa. Da hantsi ta faɗi, cikin ya yi motsi kaɗan, ya tsaya.

Shi kuwa Yaya da ya tsoma hannu har gwiwa a cikin mushe, ko ƙurji bai fito masa ba. Ina ganin ikon Allah.

Mijina da maƙwabta suna haƙa rami a bayan gida sai ga shi da sallama. Ya dubi akuyar ya ce, "Ayya, Allah ya mayar da alheri. Amma fatar nan ja ce, asara ce a binne ta. Ku ɗan dakata." Ya sa hannu a ƙugu zai zaro wuƙa.

Ban san lokacin da na rarumi taɓarya na tsaya a kan gawar ba. Na dube shi ido cikin ido, na kira shi da sunansa na yanka, gatsal, a gaban kowa. Na ce, "Wallahi ka taɓa ta sai na karya maka hannu. Ka kashe su, bai ishe ka ba?"

Ya mayar da wuƙarsa ya fita. Aka binne ta da fatarta da 'ya'yanta a ciki.

Da yamma dangin mijina suka cika gidan, mata da maza. Na ɗauka jaje suka zo yi mini. Ashe hukunci aka zo yankewa: in je in durƙusa in ba Yaya haƙuri, don na kama sunansa. Babu wanda ya ko kalli turken da ya zama wayam. Ban je ba, kuma har yau da nake wannan magana ban je ba.