Rigunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Kawuna bai taɓa riƙe bindiga ba, amma shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wanki a sansanin sojan da ke kan tudu, a bakin iyaka. Ya same shi bukkoki huɗu ne da rijiya. A gabansa aka ja katanga, a gabansa aka canza launin kaki sau uku. Sojoji na kiransa Sitaci, don shi ma a sandare yake, ba ya lanƙwasa wa kowa.

Bai iya karatu ba, sai ya riƙa yi wa kowane soja alama da zare a cikin wuyan riga: wannan ja ƙulli biyu, wancan baƙi ƙulli ɗaya.

Shekarar da aka kawo hari daga tsallake, sojoji tara suka fita don su tare mahara, ba wanda ya dawo da ƙafarsa. Da zaren Kawu aka gane gawarwakin. Rigunansu na canji kuwa suna wurinsa, a goge. Mai kula da sito ya ce a mayar, Kawu ya ce shi wanda ya ba shi wanki yake miƙa wa kaya. Ya jera su a akwatin ƙarfe, duk shekara ya fito da su ya sake gogewa. Matarsa ta yi mita har ta gaji.

Bara aka rufe sansanin, aka mayar da shi gidan tarihi. Aka kafa allo a ƙofa, sunayen kwamandoji goma sha huɗu reras, har da wanda wata uku kacal ya yi, rabinsu yana jinyar basir. Na karanta wa Kawu, ya ce in sake. Mutum taran nan babu ko ɗaya. Raina ya ɓaci matuƙa.

Ranar buɗewa, kafin baƙi su iso, ya ɗaura igiya daga turken tuta zuwa ƙofa, ya shanya riguna tara, suka rufe allon ruf. Wani matashin hafsa ya taho yana huci.

"Baba, kwashe tsummokaran nan."

"Ba nawa ba ne, ranka ya daɗe. Masu su ne ba su zo karɓa ba."

"Su wa ke nan?"

Kawu ya kama wuyan rigar farko, ya duba zaren, ya faɗi sunan mai ita da ƙarfi. Motocin manya na tsayawa a bayansa, ya wuce zuwa riga ta biyu.