Dutsen Niƙan Ladidi

Duk wanda ya tashi a Rawayya kafin zuwan injin niƙa ya san muryar Ladidi. Kada ma ka ce mata mawaƙiya, harara za ka sha. Mace ce mai niƙa wa gidanta gero, sai dai da ta durƙusa gaban dutse waƙa kan zo mata da kanta. A ciki take yi wa mijinta gorin rowa, a ciki take sakar wa maƙwabta habaici, a ciki kuma take kiran sunan Tukur.

Tukur ɗanta ne na fari, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku. Uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, abin kunya ne. Ko ranar da aka binne shi, "yaron nan" ta ce. Ƙarar dutse kaɗai ke rufa mata asiri, ta kira shi son ranta, kowa ya yi kamar bai ji ba. Da inji ya shigo gari aka jingine dutsen a bayan rumbu. Shekara goma sha shida sunan bai sake fita daga bakinta ba, abin yana cin ta ƙwarai.

A 1998 wasu mata a Gusau suka haɗa kai suna zaman koya wa juna sana'o'i da waƙoƙin iyaye. Matan Tsafe suka kawo zanen ƙwarya, wasu saƙar faifai. Wasila, malamar firamare 'yar Bungudu, ita ta tuna da Ladidi. So take a ɗauki waƙar nan ta ƙyandar da ta ɗauke Tukur a kaset, a riƙa sa wa mata a gidan suna, ko za su kai 'ya'yansu rigakafi. Ladidi ta yarda nan take. Ita dai burinta ta sake kiran ɗanta ko sau ɗaya kafin ta bar duniya.

Aka zaunar da ita a kujera, aka kara mata makirufo a baki. Ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Ina dutsi?"

Kaico! Duk wayonsu babu wadda ta yi wannan tunanin. Aka yi ta lallashi, ko tari ba ta yi ba.

Mako na gaba Wasila ta sa aka ɗauko dutsen a akori-kura, aka wanke, aka zuba gero. Ladidi ta durƙusa, ta shafa shi ta daɗe. Ta fara turawa, murya ta fito a dishe amma tata ce, mata suka yi tsit. Ta wuce rowar miji, ta shiga damina da zazzaɓi, saura kaɗan ta iso wurin sunan. Nan hannun shekara saba'in ya ƙi. Ɗan dutsen ya tsaya, waƙar ta tsaya da shi.

"Inna, kawo in niƙa miki, ke ki yi waƙar," in ji Wasila.

"A'a ɗiyata. Daga hannu taka hitowa."

Ta sake gwadawa har sau uku, dutsen bai motsa ba. Wasila ta sunkuya kusa da kunnenta, idonta cike da hawaye.

"To faɗa mini sunansa a hankali, ni kaɗai."

Ladidi ta dubi garin geron da bai cika tafi ba.

"Yaron nan ne dai," ta ce.

Ta rasu bayan kaka. Kaset ɗin na nan wurin Wasila, ba ta taɓa sa shi a gidan suna ba.