Farin zanen da na ɗinka wa komi

Mu Katolika ba mu da yawa a Damagaram. Ranar Lahadi idan ka waiga a majami'armu ta Misiyon, ka san wanda bai zo ba, ka kuma san dalili. Iyayen yawancinmu aiki ya kawo su daga ƙasashen bakin teku, mu kuwa a nan aka binne cibiyarmu, da Hausa muke ciniki, da ita muke kuka.

Muna da wata al'ada ta Nowel, wato Kirsimeti. A gefen bagade ake yin rumfar kara, a sa komi irin na cin dabbobi, a bar shi babu kowa har jajibere. Ba ma kwantar da ɗan gunki a ciki. Jaririn da ya fi kowa ƙanƙanta a cikin jama'a shi ake kwantarwa a madadin Yesu, har a gama Mes, wato babbar sujadarmu. Ni ke gyara komin nan kowace shekara, saboda ɗinki ne sana'ata. Wani manomi daga Gouna ke kawo mini kara da ciyawa mai laushi.

A shekarar da nake magana, 'yata ɗaya tilo tana da cikin fari. Ita ma 'yar aminiyata haka. Wannan aminiya tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata. Gasarmu kuwa ta wanda zai zo daga baya ce, tunda ƙarami ake so.

"Nawa ango zai riga naki," in ji Yaya, tana zaune a bakin shagona. "Uwarsa gaggawa gare ta. Naki kuwa zai makara kamar kakarsa, ya ƙwace mana komi."

"Yau dai makarata ta yi rana," na ce. "Ki tanadi tabarma, a ƙasa naki zai kwanta tare da tumaki."

"Ji mugunta! A bakin mai ɗinka wa Momper riga," in ji ta. Momper muke ce wa firist.

Lissafin ungozoma ya ba ni gaskiya. 'Yar Yaya ta sauka a farkon Nuwamba, ta sami namiji. Tawa sai tsakiyar Disamba ake sa rai. Na sayi farin yadi mai taushi, na yi masa bakin shuɗin zare da hannu, ba da keke ba. Na ce jikana zai kwanta a kansa a gaban kowa.

Naƙuda ta zo wa 'yata kafin lokaci. Muka kai ta matarnite, asibitin haihuwa, da safe, kafin la'asar babu ita, babu yaron. Namiji ne shi ma. Iyakar abin da zan iya rubutawa game da wannan rana ke nan.

Mutane sun yi mini kirki. Maƙwabtana Musulmi suka cika tsakar gida, suka riƙe mini girki. Yaya ba ta bar gefena ba. Amma duk sanda ta zauna kusa da ni sai in ji ƙamshin jariri a zanenta, ƙamshin hoda da nono. Sai in kau da kai. Ba mutuwa na so wa jikanta ba, Allah shaida. Abin da nake tambaya a raina shi ne me ta yi wa Allah da ban yi ba. Benci ɗaya muke zama, azumi ɗaya muke yi. Ita tana tashi da safe ta dafa ruwan wankan jego, ni ina tashi in ga takalman 'yata a bakin ƙofa.

Na ce wa Momper, firist ɗinmu, bana a nemi wani ya gyara komi. Bai matsa mini ba. Ana sauran 'yan kwanaki Nowel Yaya ta zo, ta tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Ƙanwata, zanen nan da kika ɗinka," ta ce. "Na ce ko za ki so ya taɓa komin, ko da bana kaɗai."

"Ba naku ba ne," na ce.

"Na sani."

"To."

Ta tafi. Tun muna yara ban taɓa barinta ta fita gidana ba rakiya ba sai ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne gaisuwar salama. A kowane Mes, kafin a karɓi Jibin Ubangiji, firist kan ce mu ba juna salama, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu ya ce, "Salamar Almasihu." Tun a katashizim aka koya mana cewa wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuci ya fara gyara wannan kafin ya matso bagade. Na san ba zan iya faɗa wa Yaya wannan kalma da gaskiya ba. In ban faɗa ba kuwa, ba zan karɓi Jibi ranar haihuwar Ubangijina ba, kuma na rasa aminiyata a gaban jama'a.

Na je Mes ɗin jajibere, wanda muke yi tun da sauran rana. Na zauna can baya. Zanen yana cikin jakata. Har yau ban san abin da ya sa na ɗauko shi ba.

Aka shigo da jikan Yaya ana waƙa, aka kwantar da shi. Momper ya yi wa'azi a kan salamar da mala'iku suka yi shela. Ya ce ba alkawari ba ne cewa ba abin da zai same mu. Ya ce Allah ne ya ƙi tsayawa daga nesa, ya zo ya kwanta a inda muke, cikin sanyi da warin dabbobi. Ina ji, amma idona yana kan siffar Maryamu. Har ita na yi wa hassada. Ta haihu a garke, ba ungozoma, ba fitila, ta tashi lafiya da ɗanta. Tawa kuwa a kan gadon likita ta rasu. Sai can na tuna cewa ita ma daga baya an miƙa mata gawarsa ta riƙe. Wannan bai sanyaya mini rai ba, ya dai sa na daina hararta.

Yaron ya fara kuka a komi, Yaya ta je ta ɗauke shi. Tana jijjiga shi aka ce a ba juna salama. Na sunkuyar da kai. Da na ɗago sai ga ta a gabana, ta ratso majami'ar gaba ɗaya, hannayenta biyu a cike.

"Riƙe mini shi," ta ce, "in samu hannun ba ki."

Kafin in yi magana yana ƙirjina. Ya fi yadda na zata nauyi. Yaya ta kama hannuna na dama ta ce, "Salamar Almasihu, ƙanwata."

Sai na ji ɗumi yana bin zanena. Ya yi mini fitsari, ya jiƙa kayansa duka. Na ga Yaya ta buɗe baki za ta yi barkwancin da ake yi, cewa wadda jariri ya yi wa fitsari goyo na nan tafe gidanta. Ta haɗiye shi, idonta ya kawo ruwa.

Ana sanyi, yaron a jiƙe, yana rawar ɗari. Babu wani busasshen abu a kusa sai wanda ke jakata. Na ciro, muka cire masa jiƙaƙƙun, na naɗe shi. Bakin shuɗin ya zagaye fuskarsa daidai yadda na auna wa wani.

"Salamar Almasihu, Yaya," na ce. "Aro ne."

"Aro ne," ta ce.

Ni na mai da shi komi. Na karɓi Jibi a ranar. Ba zan ce hassadar ta tafi ba. Yaron ya girma, yana zuwa shago yana ce mini Kaka, wani lokaci in dube shi in ƙiyasta tsawon da nawa zai kai. Amma na koma gyaran komi. Duk jajibere nakan kai zanen a kwantar da jaririn shekara a kansa, idan an tashi in karɓo abina, in wanke, in ninke, in ajiye kusa da takalman 'yata.